Tukunyar Biryani Da Tabarmar Buɗa Baki

A Gozaki ta ƙaramar hukumar Kafur, da sauran garuruwan manoma da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, abin da aka sani na shan ruwa shi ne kunun tsamiya da ƙosai da dabino, bayan Isha'i kuma tuwo. Yanzu wani abinci ya shigo gidajen masu hali, watau biryani, dafa-dukar mutanen Indiya da Pakistan wadda alhazai suka saba cin karo da ita a Makka da Jidda. Ana jiƙa kaza cikin kindirmo da citta da kanumfari da kirfa, a soya albasa mai yawa, a jera shinkafa basmati bisa naman, a rufe tukunya ta turara. To, shin wanda ya yi wa baƙinsa wannan girki cikin azumi karimci ya yi ko kuwa almubazzaranci?

Masu sukar abin sukan yi gaggawar kafa hujja da aya ta 31 ta Suratul A'araf, wadda ta hana ɓarna wajen ci da sha. Amma ayar nan ita ce kuma ta halatta cin da shan. Annabi Ibrahim, Allah ya ƙara masa aminci, ɗan maraƙi mai ƙiba ya kawo wa baƙinsa, kamar yadda ya zo a Suratuz Zariyat, ba a kuwa zarge shi ba. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya ciyar da mai azumi yana samun kwatankwacin ladansa. Saboda haka daɗin abinci ba laifi ba ne, baƙuntarsa ma ba laifi ba ce.

Inda maganar take da nauyi shi ne waɗanda aka shimfiɗa wa tabarmar. Buhari da Muslim sun fitar da hadisin Abu Huraira da ke nuna mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Sau da yawa biryanin na ɗan kasuwa ne da ma'aikaci da ɗan siyasa, mutanen da suka baro tukunya cike a gidajensu, alhali ɗan ƙodagon da ya yi wa maigida cirar auduga, da almajirin zaure, da gwauruwar da ke maƙwabtaka, rabonsu kunun sadaka ne wanda aka tsinka da ruwa. Wannan ba ciyarwa ba ce, biki ne, wanda ake bayarwa yau a jira ramuwa gobe.

Sai kuma asalin kuɗin. A 2024 da 2025 azumi ya kama ne cikin watan Maris, gabanin damina, lokacin da manomi ke tattalin kuɗin taki da iri. Wanda ya buɗe rumbu ya kai masara kasuwa domin ya sayi shinkafar waje, don kada a ce wane ya fi shi, haƙƙin iyalinsa ya taɓa. Ciyar da su wajibi ne, gayyatar baƙi kuwa mustahabbi. Lalle Abu Ɗalha da matarsa sun kwana da yunwa domin baƙon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har suka kashe fitila don kada ya gane ba sa ci. Amma abin da ke gidan suka bayar, ba su ci bashi ba, kuma ɓoye kyautar suka yi.

Akwai wadda ba a cika tunawa da ita ba, ita ce uwargida. Ita ma azumi take yi. Tun Azahar tana gaban murhu cikin zafin bazara, tana yanka albasa, tana auna gishiri da ido, tun da malaman Malikiyya sun karhanta wa mai azumi ɗanɗana abinci, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil. Tafsirin yamma ya wuce ta, asham kuwa gajiya ta hana ta tsayawa. Maigida yakan ƙirga kuɗin kaza da na shinkafa, amma ba safai yakan tambaye ta ko izu nawa ta samu ta karanta a ranar ba.