Daga Zaure Zuwa Ƙofar Makaranta: Amanar Wa Ce?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a New Bell da ƙarfe bakwai saura na safe ya san abin da zan faɗa. Yara ne ke fitowa daga lunguna sanye da kayan makaranta, wasu a ƙasa, wasu biyu ko uku a bayan mai bensikin guda, suna kutsawa tsakanin motoci da masu tura kaya zuwa kasuwa. A Bonaberi ma haka abin yake, har akwai waɗanda sai sun haye gadar Wouri kafin su kai aji. Uwa tana tsaye a ƙofar gida tana cewa a dawo lafiya, uba kuwa tuni ya kama hanyar shago. Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce: daga lokacin da yaron nan ya bar zaure zuwa lokacin da zai dawo, amanar wa ce?

Ranar Juma'a 29 ga Maris 2019 wannan tambaya ta tashi daga zancen fatar baki ta zama ta jini. A cikin harabar Lycée Bilingue de Deido, a ranar da ake raba takardun sakamakon zango na biyu, aka daɓa wa wani ɗalibi wuƙa, ya rasu. Ba a cika shekara ba, ranar 14 ga Janairu 2020, wani ɗalibi ya kashe malaminsa na lissafi da wuƙa a makarantar Nkolbisson da ke Yawunde. Bayan kowanne daga cikin biyun an ji magana iri ɗaya a majalisu. Iyaye suka ce makaranta ta lalace, malamai suka ce tarbiyya daga gida take farawa, dattawa suka ce tun da aka hana bulala komai ya rikice. Kowa ya sami wanda zai ɗora wa laifi, kamar yadda Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kafin mu raba laifi, ya kamata mu duba yadda wannan matakin karatu yake. A firamare yaro yana da malami guda da ke tare da shi tun safe har tashi, ya san muryarsa, ya san ranar da ya zo bai karya ba. Da zarar ya ci jarrabawar CEP ya shiga aji na farko na sakandare, yana ɗan shekara 11 ko 12, sai duniyarsa ta sauya. Yanzu malamai da yawa ne ke shigowa, kowa ya yi awarsa ya fita, mai Faransanci daban, mai Turanci daban, mai lissafi daban. Shekara 4 zai yi a haka kafin ya zauna jarrabawar BEPC, idan kuma a ɓangaren Turanci yake, shekara 5 kafin GCE. A cikin aji mai cunkoso, yaro zai iya yin wata guda yana tsallake darasin rana ba wanda ya lura. Kuma waɗannan su ne shekarun da murya ke buɗewa, abokai ke fin iyaye tasiri, ake fara miƙa masa sigari ko ƙwayar tramadol a bayan katanga. A daidai lokacin da ya fi bukatar ido, a lokacin idanu suka fi raguwa a kansa.

To, a nan ne nake ganin mun yi kuskuren fahimta. Mu mutanen kasuwa ne, kakanninmu da goro da shanu da tufafi suka iso bakin wannan kogi, don haka mun san ma'anar wakilci. Idan Alhaji ya ba makiyayi shanunsa, ba ya komawa gida ya miƙe ƙafa sai bayan shekara. Yakan leƙa garke, ya ƙirga, ya duba wadda ta rame. Idan ya aika yaronsa da kaya Arewa, waya ba ta hutawa har sai kaya sun sauka. Ya san cewa aikin ya ba wani, amma hasarar tasa ce. Abin mamaki, wannan Alhajin ne zai biya jaka bakwai da rabi na rajistar makarantar gwamnati, ya ƙara da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ya karɓi rasit, shi ke nan ba za a sake ganinsa ba sai an kira shi saboda ɗansa ya yi faɗa. Ana iya wakilta wani ya koyar, ana iya wakilta wani ya tsare ƙofa. Zama uba kuwa ba shi da wakili, domin ranar da abin ya ɓaci, malami zai yi jimami ya koma aji, gidanka ne za a zauna makoki.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Wani uban da asuba yake fita, sai bayan isha'i ya dawo, idan ya rufe shago na rabin yini abincin dare ya taɓu. Wata uwar ba ta jin Faransancin ofis, tana tsoron ta je a yi ta magana a kanta ba ta gane ba. Na taɓa zama a taron iyaye na wata makaranta, aka yi awa biyu ana lissafin kuɗin benci da albashin malaman wucin gadi, ba a ambaci ɗabi'ar yara ko hanyar da suke bi ba ko sau ɗaya. Wanda ya fita daga irin wannan taro yana cewa ba zai sake zuwa ba, ba zan zarge shi ba. Sai dai uzuri yana rage nauyi ne kawai, nauyin yana nan. Wanda ba shi da rabin yini yana da minti goma da daddare na buɗe jakar yaro. Wadda ba ta jin Faransanci tana da ƙane ko ɗan maƙwabci da zai raka ta. Taron da ya zama na kuɗi kaɗai kuwa, ya zama haka ne saboda masu wata tambayar sun daina zuwa.

Wannan ba ya wanke makaranta. Dokar ilimi ta Kamaru ta 14 ga Afrilu 1998 ta ɗora wa tsarin ilimi kare lafiyar ɗalibi da mutuncinsa, ta haramta duka da sauran nau'o'in cin zarafi, ta haramta giya da taba da ƙwaya a makarantu. Don haka katanga da mai gadi da sanin wanda ya shigo da wanda ya fita haƙƙi ne da iyaye za su nema ba tare da jin kunya ba. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin iyaye da malamai duka. Ranar 24 ga Oktoba 2020 'yan bindiga suka shiga wata makaranta a Kumba suka kashe yara aƙalla bakwai a cikin aji. Wannan nauyin hukuma ne. Yawancin iyalan da suka baro yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma tun bayan rikicin da ya fara a 2016 suka sauka Bonaberi, neman aji mai aminci na daga cikin abin da ya taso su. Amanar tana da kaso uku ke nan, na gida, na makaranta, na hukuma, kuma gazawar ɗaya ba ta sauke wa sauran nasu.

Masu kewar bulala ina fahimtarsu, da ita aka rene mu. Amma mu tuna cewa malamin allo da ya dake mu ya san mahaifinmu, suna haɗuwa a sahu sau biyar a yini. Abin da ya tsare mu shi ne wannan sanayya, bulalar kuwa rakiya ta yi. Idan aka mayar da bulala a hannun wanda bai san sunan yaro ba, tsoro za a samu da ƙiyayya, kuma yaron da ke jin tsoro shi ne ke ɓoye wuƙa a jaka.

Akwai wata hanyar cin amanar da ke zuwa da rigar kulawa. Uba ya ji labarin Deido, ya ga yadda 'yan bensikin ke tsayar da 'yan mata, sai ya ce 'yarsa ta zauna gida, firamare ta isa. Zuciyarsa ta huta, amma da me ya sayi hutun? Da shekarun yarinyar da ba za su dawo ba. Gobe idan matarsa ta kwanta a asibitin Laquintinie, shi ne zai fara tambaya ko akwai likita mace mai jin Hausa. Gudun haɗari ta hanyar yanke karatu sauƙi ne ga uba, tsadarsa kuwa 'yar ce za ta biya ita kaɗai. Abin da ya fi wuya, kuma ya fi dacewa, shi ne ya bar ta ta tafi, sannan ya ɗauki wahalar sanin hanyar da take bi da wanda ke ɗaukarta.

Abin da nake roƙon ɗan'uwana mai karatu ba shi da yawa. Ka san sunan malamin da ke kula da ajin ɗanka, ka riƙe lambarsa. Ka je makarantar sau ɗaya a zango ba tare da an kira ka ba, domin yaro ya san kana iya bayyana kowace rana. Ku haɗu ku huɗu ko biyar a layinku ku tsayar da mai bensikin guda da kuka sani. Idan an kira taron iyaye, ku je tare, ku zaɓi mai baki a cikinku ya tambayi abin da ya wuce kuɗi. Yau da daddare kuma, idan yaron ya shigo, kafin ka tambaye shi maki nawa ya ci, ka tambaye shi da wa ya dawo.