Shaidar Ido da Iyakarta

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Maganar tana da gaskiyarta, domin wanda ya ga abu da idonsa ya fi mai jin labari hujja. To amma wa zai kori gani idan shi kansa ya gaza? Wata tauraruwa mai suna SS Cygni ta isa a yi nazarin wannan tambaya a kanta.

A 1896 Louisa Wells, ma'aikaciyar cibiyar nazarin taurari ta Jami'ar Harbad a Amurka, ta gano cewa hasken wannan tauraruwa ba ya zama daram. Takan yi makonni a dushe, sai rana ɗaya haskenta ya ninka kamar sau 40, bayan ƴan kwanaki ta koma yadda take. Daga baya aka fahimci cewa taurari biyu ne ke kewaya juna cikin awa 6 da rabi. Ɗaya ƙarama ce mai tsananin nauyi, wadda masana ke kira farar wada, tana zuƙe iskar gas daga jikin ƴar'uwarta. Gas ɗin yakan taru kamar faifai kewaye da ita. Idan ya yi yawa sai faifan ya ɗau zafi, ya juye kayansa a kanta. Abin da ido ke gani ke nan.

Akwai kuma hasken da ido ba ya gani, wato hasken X da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye wanda ke zuwa daga taurari, don haka sai an ɗora na'ura a kan tauraron ɗan adam. A watan Oktoba 1996 tauraron RXTE ya bi tashin SS Cygni tun daga farko. Hasken X mai ƙarfi ya fara hawa, amma da tauraruwar ta doshi ƙololuwar haskenta a ido, sai ya faɗi warwas, bai dawo ba sai da ta soma dushewa. Dalili shi ne gas ɗin da ke zuba ya yi kauri, zafinsa ya ragu, ya koma fitar da haske mai laushi.

A dare ɗaya ido ya ce ta ƙaru, na'ura ta ce ta ragu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Kowanne ya faɗi iyakar abin da aka halicce shi ko aka ƙera shi ya gani. Kuskure yana shigowa ne lokacin da shaida ya ɗauki rabonsa na gaskiya ya mai da shi gaskiya dukanta. Malamin da ya yanke wa ɗalibi hukuncin daƙiƙanci saboda shirunsa a aji bai yi ƙarya ba game da shirun. Zaluncinsa yana cikin zaton cewa babu abin da ya saura a duba.

Wannan ba dalili ba ne na raina ido. Masu kallon taurari don sha'awa, na ƙungiyar AAVSO da aka kafa a 1911, su ne suka hango tashin tauraruwar da ƙananan madubansu, suka sanar, sannan aka juya na'urar sama ta fuskance ta. Ba don su ba, da na'urar ta makara. Adalcin mai shaida shi ne ya ce ya gani, ya faɗi da me ya gani, sa'an nan ya saurari wanda ya duba da wani abu dabam kafin a yanke hukunci.