Kuɗin Kirifto da Amanar 'Yan'uwa



Mun ga yadda matasanmu suke sayen kuɗin nan da ake kira kirifto ta wayar hannu. Mutum ya buɗe manhaja, ya tura naira ga mai sayarwa, a zuba masa Bitcoin ko USDT, ya aika wa wanda ya ga dama a kowace ƙasa cikin 'yan mintoci. Ba mu ce wannan zunubi ne ba. Tun da naira ta karye a 2023, har dala ɗaya ta haura naira 1,500 a 2024, akwai iyalan da ta wannan hanya taimakon 'ya'yansu na ƙasashen waje yake iso musu. Babban Bankin Nijeriya ma, wanda ya hana bankuna hulɗa da wannan ciniki a Fabrairu 2021, ya janye hanin a Disamba 2023.

Sai dai kuɗin yana da halinsa: in an aika, ya tafi ke nan. Wanda ya tura wa ɗan damfara, ko ya ba baƙo kalmomin sirrin asusunsa, ba shi da manajan bankin da zai kai wa kuka. Mayaudara sun san wannan sarai. A Disamba 2016 MMM ta rufe asusun jama'a bayan ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. A Afrilu 2025 CBEX ta rushe, ita da ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30. Wace gona ce take ba da irin wannan amfani?

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ƙofar da irin waɗannan tarkuna suke shigowa. Ba safai baƙo yake kawo su ba. Ɗan'uwa ne da muke durƙusawa tare da shi a Misa, ya tare gwauruwa a bakin coci, ya nuna mata lambobi suna hawa a fuskar waya. Ta yarda domin ta san mahaifiyarsa, ta kuma gan shi yana karɓar Jikin Kristi. Shi kuwa ana biyansa lada a kan kowane mutum da ya shigar, ladan nan kuma daga kuɗin sababbin shiga ake yankowa, watau daga kuɗin makarantar 'ya'yanta. Mai yiwuwa shi ma ruɗarsa aka yi. Duk da haka doka ta bakwai ba ɓarawon dare kaɗai take nufi ba, kuma Ikilisiya tana koyar da cewa wanda ya ci dukiyar wani ba bisa gaskiya ba, tubansa yana tafiya tare da mayarwa.

Saboda haka muna roƙon ma'ajin Zumuntar Mata, da na ƙungiyar matasa, da uwayen adashi: kuɗin da ke hannunku ajiya ne, kada a saka ko kwabo a wata manhaja, ko da niyyar ƙara wa ƙungiya riba ce. Kada kuma a yi tallar irin wannan a harabar coci. Wanda ya riga ya shigar da wasu har suka yi hasara, ya lissafa ladan da ya karɓa a kansu, ya je wurinsu da ƙafarsa, ya fara biya ko da kaɗan-kaɗan ne. In kunya ta hana shi zuwa shi kaɗai, Fada ko katikis zai raka shi.