Daji ne ko Kufai?

'Yan uwa ɗalibai, a hutun bazarar da ya wuce na yi abin da wasunku za su kira almubazzaranci. Na tattara ɗan abin da na samu a aikin ɗakin karatu, na bi ayarin mahaya dawakai zuwa duwatsun Wind River da ke jihar Wayomin a nan Amurka, inda tsauni mafi tsawo ya haura ƙafa 13,800. Kwana biyar muka yi, mu takwas da jagora da alfadarai masu ɗaukar tantuna. Ranar ƙarshe ce ta bar ni da tambayar da na kawo muku.

Da asuba muka tashi, raɓa ta daskare a kan sirdi ko da yake watan Agusta ne. Jagoranmu, wani dattijo marar yawan magana, ya raba mana aikin tashi. Aka kwance igiyar da aka ɗaure dawakai tsakanin itatuwa biyu, aka baza kashinsu, aka watsa tokar murhu, har duwatsun da muka girka tukunya a kai sai da aka mayar da su inda aka ɗauko. Ƙa'idar ita ce kada wanda zai zo bayanmu ya gane mutum ya kwana a nan. Dokar daji ta 1964 ta hana mota da kowane inji shiga wannan yanki, ko keke ba a yarda ba, kuma ta ɗauki ɗan Adam a matsayin baƙo mai wucewa kawai.

Ina cikin shara sai na tsinci wani ɗan dutse mai kaifi, an sassaƙe gefensa da hannu. Na nuna wa dattijon. Ya juya shi, ya ce, "Ɗana, mayar da shi inda ka gan shi. Masu shi sun riga mu zuwa."

Gaskiya na so in jefa shi aljihu. Amma abin da ya fi damuna shi ne, kwana huɗu ina ta yabon wurin saboda babu kowa, ashe da kowa. Mutanen Shoshoni sun zauna a waɗannan duwatsu, kuma masu tonon tarihi sun gano kangayen ƙauyuka a sama da ƙafa 10,000. Yarjejeniyar 1863 ta amince musu da eka kusan miliyan 44. Ta 1868, a zamanin shugabansu Washaki, ta tsuke su a wani yanki na gabashin duwatsun, wanda a yau bai wuce eka miliyan biyu da ɗan wani abu ba.

A Hausa muna bambanta daji da kufai. Daji wuri ne da ba a taɓa sara ba. Kufai kuwa an zauna, an haihu, an binne, sannan aka tashi, kuma ba mai wucewa ta kufai yana murna. To ni a wanne na kwana? In kufai ne, ya halatta in ji daɗin shirun da korar wasu ta samar, har in biya kuɗi dominsa?

Na fara kare kaina da cewa ba ni na kore su ba, kakannina ma ba su san da wannan nahiya ba. Wannan hujja ba ta kai ni ko'ina ba, don wanda ya sayi kayan sata bai zama ɓarawo ba, amma bai isa ya ce kayan ba su da tarihi ba. Sai na koma ɗaya gefen, na ce ashe sharar da muke yi yaudara ce, muna shafe sawu don mu ci gaba da riya cewa ba a taɓa taka wurin ba. Nan ma na ga na yi gaggawa. Ciyawar wannan tudu 'yan makonni kawai take samu ta yi girma a shekara, in kofato ya farfasa ta sai ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Kuma su kansu Shoshoni da Arapaho suna da yanki a ƙasarsu da suka bar shi ba hanyar mota har yau. Saboda haka ban ga laifin sharar ba. Laifin da na gani a bakina yake, lokacin da na ce wurin ba na kowa ba ne. Shafe sawuna ladabin baƙo ne, amma baƙo sai da mai gida, kuma ni ban taɓa tambayar ko gidan wa na shiga ba.

Na mayar da dutsen, gefen da ya kwanta a ƙasa na sake kifa shi a ƙasa. Muka ɗaura sirdi muka fara gangara. A wani siririn hanya kusa da kwazazzabo dattijon ya waiwayo ya ce in sassauta linzami, dokin ya fi ni sanin wurin. Wajen la'asar muka hango motocinmu, wayoyin mutane suka fara ƙara, wata a cikinmu tana gaya wa mahaifiyarta cewa ta je inda ƙafar mutum ba ta taɓa takawa ba.