Mudun da ke Cikin Wayar Hannu

Dukanmu mun san mai awon da ke bubbuge gindin mudunsa. Mai saye yana ganin an cika masa har da tozo, ya biya da hannunsa, ya isa gida ya tarar hatsi bai kai ba. Ba mai cewa laifin mai saye ne don ya amince. Littafin Karin Magana 11:1 ya riga ya la'anci irin wannan awo.

Yau akwai wani mudu a aljihunmu, wato allon wayar hannu. Kowane maɓallin da muke dannawa, wani ne ya zauna ya zaɓi girmansa da launinsa da wurin zamansa. Sau da yawa maɓallin amincewa kan fito babba, na ƙin yarda kuwa a ɓoye shi cikin ƙananan haruffa. Shiga da dannawa ɗaya, fita sai an sha wahala. A shekarar 2010 wani masani ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara waɗannan dabaru yana tona su. A shekarar 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kai kamfanin Amazon ƙara, tana zarginsa da shigar da mutane tsarin Prime ba da cikakken saninsu ba, da kuma wahalar da masu son fita. A 2025 kamfanin ya yarda ya biya dala biliyan 2.5, ko da yake bai amsa laifi ba.

Tambayarmu ita ce: idan mutum ya danna da yatsansa, wanda ya tsara allon yana da alhaki? Wasu za su ce ba wanda aka tilasta wa, kuma kowane ɗan kasuwa yana da 'yancin ƙawata hajarsa. Gaskiya ne, ƙawata haja ba zunubi ba ne. Amma Waliyyi Toma Akwinas ya koyar cewa aikin son rai yana bukatar sani. Inda aka rage wa mutum sani da gangan, an rage masa 'yanci, yardarsa kuma ba cikakkiya ba ce. Saboda haka wanda ya shirya ruɗun ya ɗauki alhakin abin da ya biyo baya, ko da bai furta ƙarya da bakinsa ba.

Su wa suka fi faɗawa cikin tarkon? Tsohuwar da idonta ya raunana, da manomin da bai iya Turanci ba, da wanda bukata ta matsa har ya karɓi bashi ta waya bai ga yawan ruwan da ke kansa ba. Littafin Firistoci 19:14 ya hana mu zama sanadin tuntuɓen makaho, kuma ya ɗaura wannan hani a kan tsoron Allah, domin makaho ba zai san wanda ya cuce shi ba, amma Allah ya sani.

Ku 'ya'yanmu masu koyon aikin kwamfuta, ku gwada aikinku da wannan ma'auni: da mahaifiyarku ce za ta yi amfani da shi ita kaɗai, hankalinku zai kwanta? Idan aka umarce ku ku ɓoye farashi ko ƙofar fita, ku faɗi gaskiya cikin ladabi, ko da hakan zai jawo muku hasara. Mu kuma sauran, mu karanta kafin mu danna, mu zauna da tsofaffinmu mu karanta musu, ba tare da mun nemi lambarsu ta sirri ba.

Ubangiji ya ba mu lamiri mai tsabta, a kasuwa da a waya. Amin.