Ɗana, Kafin Ka Tura Jirgin Gorar Nan Cikin Ruwa

Ɗana, na san abin da damina ke jefawa a zuciyar saurayi. Rafi ya kawo, kududdufi ya cika, ga tsofaffin tif na babbar mota jibge a wurin mai faci, ga gora ana sayarwa da araha. Ba zan hana ka haɗa jirginka ba. Yaron da ke ƙera abu da hannunsa ya fi burge ni da wanda ya wuni yana latsa waya. Amma zauna ka ji, don ruwa ba ya yi wa kowa uzurin ƙuruciya.

Tif ɗin nan shi ne ran jirgin, gora shimfiɗa ce kawai. Wanda aka jefar, akwai dalilin da ya sa aka jefar da shi. Ka sa mai faci ya hura kowanne, ya danna shi a bahon ruwa a gabanka, ku bi shi zagaye kuna neman kumfa, musamman gindin bawul da bakin tsofaffin faci. Ka bar shi ya kwana da iskarsa. In ka tarar ya saki da safe, yanka shi ka yi igiyar ɗauri da shi. Kada kuma ka cika masa iska har ya yi tauri. A cikin taya, tayar ce ke riƙe shi. A fili ba abin da ke tare shi, rana tana dukansa iskar ciki ta kumbura, ya yi ƙululu a gefe guda ya fashe.

Gora ka zaɓi busasshiya, marar tsagu, domin ramukan da ke tsakanin gaɓoɓinta su ne ke taimaka mata ta yi iyo. Ƙusa tana tsaga ta, waya tana cin roba, saboda haka ɗauri da igiya kawai za ka yi, kowace mahaɗa da nata ƙulli. Ka kankare duk wani tsini, ka goge bakin da zarto ya yanka, don sili ɗaya ya isa ya huda tif. Jirgin ya zama mai faɗi, tif a kowace kusurwa, yadda in ɗaya ya sace sauran za su riƙe ka.

Yanzu ga inda hankalina ya fi tashi, wato lodi. Iskar da ta cika jarka mai lita 25 nauyin kusan kilo 25 kaɗai take iya ɗagawa a ruwa, ba ta ƙarawa don kana sauri ko don abokinka ya roƙe ka. Ka gwada jirgin a ruwan da bai wuce gwiwa ba, ka ɗora masa buhunan yashi. In tif ya nutse fiye da rabi, lodi ya yi yawa. Ranar da za ka tura shi, yaran unguwa za su taru, kowa na cewa a ɗan matsa masa. A nan ake gane namiji. Ka iya cewa a'a, ko da za su kira ka marowaci.

Ba mu manta da Bagwai ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su Mauludi. Jirgi ne na gaske, da matuƙinsa, yawan lodi aka ɗora wa laifin. Allah Ya jiƙan su. To ina ga gora da roba?

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. In ba ka iya iyo ba, je ka koya tukuna, kuma ko ka iya, sa rigar kariya daga nutsewa. Cire doguwar riga da takalmi. Kada ka ɗaure igiyar jirgi a ƙugunka ko a hannunka, don in ya kife da kai zai tafi. Kogi mai gudu ba wurinka ba ne, haka ƙasan madatsar ruwa, inda ake iya sakin ruwa ba ka sani ba. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini ma mayaudari ne, taku biyu daga gaɓa sai rami. Ga tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke kwance. In ka ga jini a fitsari, asibiti za ka, kada ka ɓoye.

Je ka gaida Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci, ka nuna masa aikinka, ka bar shi ya jijjiga ƙullinka ya nuna maka inda ruwa ke juyi. Ka gaya wa mahaifiyarka inda za ka da lokacin dawowa. A bar babba ɗaya a gaɓa da doguwar gora da jarka mai murfi ɗaure da igiya. In wani ya faɗa, a miƙa masa gorar ko a jefa masa jarkar a jawo shi. Kada ka yi tsalle ka bi shi, domin wanda ke nutsewa duk abin da ya kama danne shi yake yi.