Tambayar da Ake Haɗiyewa a Majami'a

A ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Kwarhi, kusa da Mubi a Jihar Adamawa, inda hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, take. Ma'aikata da ɗaliban makarantar Baibul ta Kulp suka bazama daji, shugabannin ekklesiyar kuma suka koma Jos da zama na wucin gadi. Wata shida kafin nan, a daren 14 ga Afrilu, an sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, mafi yawansu 'ya'yan wannan ekklesiya. Jama'ar da ta fara sujada a gindin tsamiya a Garkida cikin 1923 ta wayi gari a tarwatse, wasu a Yola, wasu a Jos da Abuja, wasu a sansanin Minawao cikin Kamaru.

Abin ya fi ciwo saboda irin koyarwar da aka rene su da ita. EYN ta gaji aƙidar ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa. Mutumin da aka koya masa tun yana yaro ya ƙaunaci maƙiyinsa, aka ƙone masa gida, aka kashe masa ɗa, dole wata tambaya ta taso masa cikin dare: ina Allah yake lokacin da ake wannan?

Ba kasafai tambayar take fitowa fili ba. A zaman makoki akwai kalmomin da kowa ya haddace: ikon Allah ne, a yi haƙuri, Allah ya san abin da yake yi. Kalmomi ne masu kyau, kuma sun riƙe mutane da yawa. Amma wani lokaci sukan toshe baki. Gwauruwar da ta ce ta daina jin daɗin addu'a sai a ce Shaiɗan ne ke gwada ta, ko a ɗora mata azumi. Masu wa'azin wadata kuwa, waɗanda ke koyar da cewa mai cikakkiyar bangaskiya ba ya talauci ba ya ciwo, sun ƙara wa Borno dawaki. Mai wahala ya koma yana tuhumar kansa.

Littafi Mai Tsarki bai ji tsoron wannan tambaya ba kamar yadda masu wa'azinsa suke ji. Cikin zabura 150, masana sun ƙiyasta kusan kashi ɗaya bisa uku na kuka ne da ƙorafi. Yawancinsu sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare, amma Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba sassauci ko kaɗan, kuma aka bar ta haka cikin littafin waƙoƙin sujada. Annabi Habakkuk ya buɗe littafinsa da tuhumar Allah kan yin shiru ga zalunci. Littafin Makoki kukan rushewar Urushalima ne daga farko har ƙarshe.

Littafin Ayuba ya fi kowanne zurfafawa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo ta'aziyya suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Rigima ta fara ne da suka buɗe baki. Sura bayan sura suna kafa masa hujja cewa Allah mai adalci ne, don haka tabbas akwai zunubin da ya ɓoye. Ayuba ya ƙi yarda, ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi a ba shi damar gurfana gaban Allah ya kare kansa. Da Allah ya yi magana daga cikin guguwa a sura ta 38, bai faɗa masa dalilin mutuwar 'ya'yansa goma ba. Sai dai a sura ta 42 fushinsa ya sauka kan abokan, masu kare Allah da baki, ya ce Ayuba ne ya faɗi daidai game da shi, kuma sai Ayuba ya yi musu addu'a kafin a yafe musu. Wanda ya yi gardama da Allah aka wanke, waɗanda suka zo da shiryayyun amsoshi aka tsawata wa.

Haka abin yake a Sabon Alkawari. Yohanna Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu ga jama'a a bakin Kogin Urdun, da ya daɗe a kurkukun Hiridus sai ya aika almajiransa su tambaya ko Yesu ne wanda ake jira ko a sa ido ga wani. Yesu bai zarge shi ba, ya ma yabe shi a gaban taro. Duk da haka ƙofar kurkukun ba ta buɗe ba, an fille masa kai. Toma ya yi mako guda yana musun tashin Yesu daga matattu, kuma sauran almajiran ba su kore shi daga cikinsu ba.

Manyan masu bi na zamanin nan ma ba su tsira ba. Uwargida Teresa ta Kalkuta a Indiya ta rasu a 1997 duniya na kallonta a matsayin madubin bangaskiya. Da aka buga wasiƙunta a 2007, sai aka ga ta shafe kusan shekara 50 tana jin kamar Allah ya juya mata baya, alhali kullum tana fita ɗebo marasa lafiya daga kan titi. Cocin Katolika ya san da wasiƙun, ya kuma ayyana ta waliyyiya a 2016. C. S. Lewis na Birtaniya, wanda ya yi suna wajen kare addinin Kirista da hujjoji, da matarsa ta mutu da ciwon daji a 1960 ya rubuta littafin baƙin ciki mai zafin da sai da ya ɓoye sunansa kafin ya fitar da shi.

Kiristocin arewacin Nijeriya suna da jarumansu. Leah Sharibu, wadda aka sace a Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018, an saki 'yan makarantarsu aka riƙe ta saboda ta ƙi barin addininta. Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) a Michika, ya fito a bidiyo daga hannun masu garkuwa da shi yana cewa bai karaya ba, kafin su kashe shi a Janairu 2020. Sun cancanci a riƙa ambatonsu. Kuskuren shi ne a mayar da ƙarfin halinsu sandar dukan wanda gwiwarsa ta yi sanyi. Shekara goma bayan Chibok, sama da 'yan mata 80 ba su dawo ba, wasu iyayen kuma sun mutu suna jira. An yi azumi ɗaya, an yi addu'a ɗaya, 'yar wani ta dawo a 2016 ko 2017, ta maƙwabcinsa ba ta dawo ba. Babu fasto mai gaskiya da zai ce ya san dalili.

EYN ta gane wannan da ta fara shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya ga 'yan gudun hijira. A can ana barin mutum ya ba da labarinsa, ya yi kukansa, ya faɗi fushinsa, kafin a taɓo maganar gafara. Aikin bai kamata ya tsaya a sansanoni ba. Fastoci da dattawan ekklesiya da shugabannin zumuntar mata su riƙa karanta zaburorin kuka a sujadar Lahadi kamar yadda ake karanta na yabo. Idan wani ya zo ya ce ya kasa addu'a, kada a kai shi gaban kwamiti, kada a ce masa ya ja da baya. A saurare shi har ya gama, a yi addu'ar a madadinsa, a kai masa hatsi idan babu a gidan, sannan a koma duba shi mako mai zuwa.